Yadda ake haɗa kwamfutar masana'anta mai allo ɗaya a saita ta ta riƙa aiki ba sai an tsaya a kanta ba

Wannan bayanin na masu aikin lantarki ne da 'yan kwamfuta da ɗaliban injiniya na jami'ar ABU Samaru da na kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya waɗanda aka fara kawo musu ƙananan bod ɗin nan ace su haɗa. Kwamfuta ce cikakkiya a kan allo ɗaya, wato bod guda, furosesa da wajen ram da ramukan USB da na netwok duk a jikinta suke, wata girmanta 146 x 102 a milimita, ita ake cema 3.5 inci, wata kuma Pico-ITX 100 x 72 ce kawai, tafin hannu ya ɗauke ta. Kamfanoni irinsu Advantech da AAEON da Kontron ne ke yinsu, kuma zaka gansu a sikelin auna manyan motoci, injin casar shinkafa, gidan kaji, famfon sola, duk inda ake son na'ura ta yi ta aiki dare da rana.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, wannan ba kwamfutar ofis bace da wani zai zo da safe ya danna mata maɓalli. A akwati za'a rufe ta a Dakace ko Chikaji ko wata gona can hanyar Shika, in an ɗauke wuta aka dawo da ita dole ta tashi da kanta, in ta daskare dole ta sake kunna kanta. Duk saitin da zamu yi a nan ya ta'allaƙa ne.

Kafin ka buɗe leda

Nemo littafin bayanin bod ɗin tukuna, ainihin lambar samfurinka ba mai kama da ita ba, a shafin kamfanin zaka sauke shi kyauta. Wallahi da yawa cikin bod ɗin da ke ƙonewa rashin duba shafi biyu ne na littafin nan, shafin wuta da shafin jampa, wato 'yan murafan da ake sawa kan fil biyu don canza saitin bod. Ka tanadi mita, ƙaramin sukudireba, filash mai 8GB ko sama, kibod da allon kallo.

Sai maganar wutar jiki. Lokacin hunturu iskar Zariya bushewa take ƙayau, kasan yadda ƙofar mota ke ɗan jan mutum in ya taɓa, to wannan 'yar wutar ta isa ta kashe wani abu a bod ba tare da kaga hayaƙi ko ka ji ƙauri ba, wani lokacin ma ba nan take zata nuna ba sai an kai ta wajen aiki ta fara tsayawa haka kawai. In kana da abin ɗaurawa a hannu mai waya zuwa at, wato wayar da ke haɗe da ƙasa, ka ɗaura, in babu ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke ta, ka riƙe ta ta gefe, kada ka aza ta kan kafet ko kan tsuran ƙarfe.

Wuta, nan ne zan fi daɗewa

Duba abinda aka rubuta kusa da wajen shigar wuta. Wasu bod 12V kaɗai suke karɓa babu ƙari babu ragi sai ɗan kaɗan, wasu kuma suna karɓar tun daga 9V har 36V. Bambancin nan ba ƙarami bane a wajenmu saboda yawancinmu da sola muke aiki, kuma batirin da muke kira 12V in yana caji yana kaiwa wajen 14.4V, mai 24V kuma ya haura 28V, to in ka ɗauki bod mai 12V zalla ka jona kai tsaye a batir ka gama da ita. Ko dai ka sayi mai faɗin karɓa tun farko, wanda shi nake ba kowa shawara ko da ya ɗan fi tsada, ko ka sa na'urar daidaita DC tsakaninta da batirin.

In da wutar layi ce ko janareto, kada ka je Sabon Gari ka ɗauko adaftar dikoda ko ta fitila kace ai 12V ce. Nemi gidan wuta na masana'anta irin wanda ake maƙalawa a ƙarfen DIN mai faɗin milimita 35, irin na Mean Well da makamantansu. Ƙananan bod masu Atom ko Celeron basu cin wuta sosai, mai wat 60 yakan wadatar har da rara, amma ka lissafa abinda zaka rataya mata, allo da modem da kyamara duk a kanta suke sha. Sa fiyus a wayar +. Kafin ka jona ka auna da mita ka tabbatar wanne ne + wanne ne -, kada ka yarda da launin waya kawai, ba kowa ke bin ƙa'idar launi ba.

Kuma kada ka haɗa ta gidan wuta ɗaya da kontakta ko rile ko mota mai juya inji, duk lokacin da suka kama suka saki suna turo hargitsi cikin layin sai kaga kwamfuta na sake tashi ba dalili. Ƙaramin UPS ko batirin tsaye yana da amfani sosai, ba don ta yi awanni ba, don ta tsallake 'yan daƙiƙun nan na canji daga layi zuwa janareto. Akwatin kuma a haɗa shi da at na gaske, sandar da aka kafa a ƙasa, ba wayar da aka naɗe a jikin famfo ba.

Haɗa kayan

Ram ɗin irin na laftof ne, SO-DIMM, ka duba DDR4 take so ko DDR5 don tsagin jikinsu ba wuri ɗaya yake ba, in yaƙi shiga kada ka matsa. A karkace ake sa shi sannan a danna ƙasa har maƙallan gefe su kama. Wajen ajiya kuma SSD ce ta M.2 ko mSATA, nan ma a kula, ramin M.2 kala-kala ne, mai Key M da Key B sune na ajiya ko modem, Key E na wayifai ne. Ni bana son a ɗora aikin shekaru kan katin memori na waya, ɗaukewar wuta na lalata shi da wuri.

Wani abu da ake mantawa, in an rubuta bod tana jure zafi daga -40 zuwa 85 a ma'aunin Salsiyas, wannan bod ɗin ce kaɗai, SSD ta kasuwa yawanci 0 zuwa 70 ce iyakarta. Wasu bod ɗin ma 0 zuwa 60 ne. A watan Maris da Afrilu akwatin ƙarfe a rufe ƙarƙashin kwano zafinsa ya wuce na waje nesa ba kusa ba, don haka ka zaɓi bangon da rana bata duka, ka bar sarari sama da ƙasa.

Yawancinsu basu da fanka, faffaɗan ƙarfe ne ke kwashe zafin furosesa ya miƙa ma jikin akwatin. Wannan alheri ne garemu don fanka ƙurar hunturu take zuƙowa ta cusa ciki. Akwai 'yar katifa mai laushi tsakanin furosesa da ƙarfen, ka ɓare ledar da ke kanta gaba da baya, ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan a gicciye kada ka gama ɗaure ɗaya ka koma ɗaya. Ƙafafun tagullan da bod ke zama a kai kuma su zama daidai da ramukanta, in akwai ƙafa ɗaya da ta rage a ƙasa ba rami a kanta cire ta, zata haɗa wuta.

Jampa

Ɗauki hoton bod da wayarka kafin ka taɓa ko ɗaya. Fil na 1 yawanci akwai ɗan alwatika ko lamba a gefensa, daga nan ake ƙirga. Kuma ba'a canza jampa da wuta a jiki.

Wadda ta fi muhimmanci itace ta AT da ATX. A ATX sai an danna maɓalli take tashi, a AT da zarar wuta ta shigo ta kama. Mu AT muke so. In zaka sa allon kallo ta LVDS, ramin da ke haɗa shi kai tsaye da bod, akwai jampar ƙarfin wutar allon, 3.3V ko 5V wasu har 12V, ka duba takardar allon da kanta don in ka ba mai 3.3V wuta 12V shikenan allon ya tafi. Haka a ramin COM, inda ake jona wayar na'urori, wasu bod suna da jampar da ke fitar da 5V ko 12V ta fil na 9, in na'urarka bata buƙata barta yadda ta zo. Ta goge CMOS kuma, mai mayar da saitin bod yadda ya zo daga kamfani, ka san inda take kawai, ranar da saiti ya rikice zaka neme ta.

Kunnawar farko da BIOS

A kan tebur zaka fara gwadawa kafin akwati, ram da SSD da kibod da allo kawai. Karon farko tana iya yin minti ɗaya ko fiye allon na baƙi tana tantance ram, yi haƙuri kada ka zare. Danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod ɗin. Gyara kwanan wata da lokaci, ka tabbatar ta ga ram da SSD, sai ka nemi inda aka rubuta Restore AC Power Loss, wasu State After G3 suke rubutawa, ka mayar dashi Power On ko S0. Ka zaɓa ma kowane COM yanayinsa, wato salon da zai yi magana da na'ura, RS-232 ko RS-422 ko RS-485. Sa kalmar sirri a BIOS ɗin.

Zaka ga Watchdog, wato mai gadi. Agogo ne da ke ƙirgawa, manhaja na taɓa shi lokaci-lokaci, in ta daskare ta daina taɓawa sai ya sake kunna kwamfutar. Kada ka kunna shi yanzu, in ka kunna kafin akwai mai taɓa shi zai riƙa katse maka lodi a tsakiya kai ta zargin filash.

Lodin manhaja

In manhajar injin ta Windows ce to Windows 10 IoT Enterprise LTSC ya dace, ba na gida ba da zai tsaya sabunta kansa ana tsakiyar auna mota. In kana da zaɓi ni Ubuntu Server 24.04 LTS ko Debian nake sawa, basu da nauyi kuma LTS, wato mai dogon tallafi, na samun gyaran tsaro na shekara 5. Rufus ko balenaEtcher zai rubuta maka shi a filash, sauran lodin kamar na kowace kwamfuta ne ba sai na ja ba.

Bayan ta tashi, saita lokaci da sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos. Ba ta adireshin IP tsayayye don ka riƙa samunta ta SSH, wato shiga daga wata kwamfutar ta netwok, ba sai ka ɗauko allo ba, ka canza duk kalmar sirrin da ta zo da ita. Umarnin sudo dmesg | grep tty zai nuna maka ramukan COM, sunansu ttyS0, ttyS1 haka, ka sa mai amfani cikin rukunin dialout in ba haka ba manhajarka zata ce an hana ta shiga. Manhajar aikin ka mayar da ita sabis na systemd, mai tayar da manhajoji in kwamfuta ta kunna, ka yi mata systemctl enable don ta tashi da kanta. Yanzu ne lokacin mai gadi, a fayil ɗin /etc/systemd/system.conf ka sa RuntimeWatchdogSec=30, wasu bod kuma sai ka sa direban kamfanin tukuna. In wurin ana yawan ɗauke wuta ka duba overlayroot a Ubuntu ko UWF a Windows, suna kulle ɓangaren tsarin ya zama karatu kawai, bayanan aiki kuma ka ware musu wani ɓangaren daban.

Wayar na'urori

RS-232 gajeren zango ne, wajen mita 15. RS-485 na iya kaiwa mita 1200, shi yasa mitoci da inbata da na'urorin auna zafi ke amfani dashi da yaren Modbus wanda ya fito tun 1979. Yi amfani da waya mai murɗaɗɗen biyu mai rufin ƙarfe, ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya a layi guda kada ka yi rassa, ka sa resista 120 ohm a farko da ƙarshe. Kowace na'ura da lambarta tsakanin 1 da 247, gudun magana kuma ya zama ɗaya a duka, 9600 ko 19200 aka fi sawa. In komai daidai ne amma shiru, juya A da B, kamfanoni basu daidaita kan sunan ba kuma juyawar bata ƙona komai. Rufin wayar a gefe ɗaya ake haɗa shi da at. Kada ta bi bututu ɗaya da wayar mota, in kuma zata tsallaka daga gini zuwa gini sa mata abin kariyar tsawa, daminar Zariya da aradu take zuwa kuma ta doguwar waya yake shigowa.

Gwaji kafin ka miƙa

Bar memtest86+, mai gwada lafiyar ram, ya zagaye ram ɗin, sannan ka rufe akwatin yadda zai zauna ka bata aiki mai nauyi da tsakar rana kana duba zafi da umarnin sensors. Zare wuta ka mayar, ka maimaita, kowane karo ta tashi har manhajar aiki ba ka taɓa komai ba. Gwada mai gadin shima, a matsayin root, mai cikakken iko a tsarin, ka rubuta echo c > /proc/sysrq-trigger, wannan da gangan yake kayar da tsarin, in mai gadi na aiki zata dawo da kanta. In duk ta wuce ka ɗauki kwafin SSD ɗin gaba ɗaya da Clonezilla ka ajiye, ka rubuta saitin jampa da BIOS da adireshin IP a takarda ka manna cikin murfin akwatin saboda wanda zai zo bayanka.

Ka rubuta har da ranar da aka sa batirin CMOS. CR2032 ne mai 3V, a bod da yawa da 'yar waya mai fil biyu yake zuwa ba irin na agogo da ake turawa a rami ba, don haka ka sayi na ajiya tun yanzu. In ya mutu lokaci zai rikice, a wasu bod saitin BIOS ma ya koma na asali har da Power On ɗin da ka sa, shi yasa nace ka yi jampar AT ma, ita ba ruwanta da batir.