Yadda ake farfaɗo da ƙaramar gona bayan ambaliya

Duk wanda ke noma a fadamun Haɗeja, Auyo da Ringim ya san abin da ambaliyar 2022 ta yi, kamar yadda manoman shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi ba su manta da ta 2020 ba. Amma asarar da ta fi ƙona rai ita ce ta biyu, wadda manomi ke jawo wa kansa bayan ruwa ya janye: ya sayar da akuya a wulaƙance, ya sayo buhun yuriya, ya watsa a kan laka don ceton shukar da ta riga ta mutu. Akuya ta tafi, taki ya tafi, ga shi lokacin noman rani ya zo babu jari.

Ka fara da rumbu, ba da gona ba. Hatsin da ruwan ambaliya ya shiga cikinsa kai tsaye ba abinci ba ne, domin ruwan ya bi ta masai da bola kafin ya iso. Wanda danshi kawai ya taɓa, a fitar da shi ranar, a baza a kan tamfol, kaurinsa kada ya wuce yatsu uku, ana motsawa. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna a ƙona ta ko a binne. Kada a ce a ba kaji ko tumaki, gubar tana kashe kaji kuma tana fita a nonon dabba. In kana son sanin ko hatsi ya bushe, zuba shi a busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Sai gona. Sa takalmin roba, ka riƙe sanda, don macizai kan taru a kan tudu da cikin tarin ciyawa. Aikin farko shi ne fasa wa ruwa hanya: yanke kunya a gefen gangare, share bakin kwalbati, ka bar ruwan da ya kwanta ya fita. Daga nan ka dakata kwana 3 zuwa 5 ba ka sa komai ba. Wannan jiran shi ne mutane suka kasa, alhali shi ne ke nuna abin da ya rayu.

Ganye yana ruɗi. Shukar da saiwarta ta ruɓe tana iya zama kore shar har kwana biyu, ita kuwa wadda laka ta rufe ta yi fari fat tana iya kasancewa da rai. Don haka ka tuge shuka goma daga wurare daban-daban, har da kwari da tudu, ka wanke saiwar. Fara mai ƙarfi, akwai rai. Baƙa ko ruwan ƙasa, mai santsi, mai warin ruɓa, an gama. In masara ce ko dawa, tsaga karan daga sama zuwa ƙasa ka duba zuciyarsa: in tana nan fara da tauri za ta ci gaba, in ta yi laushi ta canja launi ba ta da gobe. Alama mafi tabbas ita ce sabon ganye ya leƙo daga tsakiya cikin waɗannan kwanaki.

Kowane amfani da nasa jimiri. Ƙaramar masara ba ta wuce kwana 2 zuwa 4 a nutse, kuma in ana zafi ko hakan ba ta kaiwa. Wake da gyaɗa su ne ragwaye, kada ka ɓata musu kuɗi. Dawa ta fi masara haƙuri. Shinkafar da ke matakin fitar da 'ya'ya daga gindi, kafin ta yi ciki, takan tashi in nutsewar ba ta daɗe ba, amma wadda ruwa ya shanye tana da ciki ko tana fure ƙaiƙayi za ta ba ka. A ƙa'idata, in cikin goma ba a samu biyar masu rai ba, a bar wannan ɓangaren, a shirya shi don wata shukar.

Inda ya rayu, wanke lakar da ke kan ganye da ruwa zalla a tankin feshi, in ba a samu ruwan sama ya wanke ba. Taki kuwa sai ƙasa ta sha iska. Damƙi ƙasar daga zurfin taƙi ɗaya ka matse. In ruwa ya tsatso, ko ta dunƙule tana sheƙi, ba ta kai ba. In ka taɓa dunƙulen da yatsa ya wargaje, to bismilla. Dalili shi ne saiwar da ba ta numfashi ba ta cin taki, kuma sinadarin yuriya a cikin laka iska yake bi ko ya zurare da ruwa. Ka sa rabin abin da ka saba, kamar buhu ɗaya mai kilo 50 a hekta, a tona a binne gefen shuka. In bayan mako biyu ta amsa, sai a ƙara. Takin NPK a wannan mataki, ga tsada ga ƙarancin amfani.

Wannan gwajin damƙa shi ne kuma ke nuna lokacin shigar garma. Shanu ko tarakta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna danne ta ta yi tauri kamar daɓe, shekara biyu kana fama. Duba abin da ruwan ya bari. Baƙar laka mai laushi alheri ce, a juye ta cikin ƙasa kawai. Yashi ne matsala: in bai wuce yatsu huɗu ba a yi huɗa mai zurfi a gauraya da takin dabbobi, in ya kai taƙi ko fiye sai an kwashe, ko a bar wa kankana da dankalin Hausa wurin a bana.

Danshin da ambaliya ta bari shi ne jarin da ya rage, kuma ba ya jira. Wake mai yi da wuri, na kwana 60 zuwa 70, da kankana suna iya nuna a fadama da wannan laimar da ɗan ban ruwa. Mai injin ban ruwa ya nufi albasa, tumatir, ko alkama daga tsakiyar Nuwamba. Kafin ka shuka irin da ya kwana a ɗakin da ruwa ya shiga, ƙirga ƙwaya 100, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan mako guda. In ba a samu 70 sun tsiro ba, nemi wani.

Dabbobi a kai su tudu, ƙafarsu ta bushe saboda ciwon ƙofato, a hana su kiwo a inda ruwa ya kwanta saboda ciwon hanta, a kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsa da rigakafi. Wadda ta mutu farat ɗaya ba a feɗe ta, binnewa ake yi da zurfi. In sayarwa ta zama dole, a fitar da namiji ko tsohuwa, a bar mai haihuwa. Rijiya a kwashe ta, a zuba kulorin, ruwan sha a tafasa har sai an tabbatar da ita.

Ɗauki hoton gonar da waya tun laka ba ta bushe ba, ka sa sunanka wurin mai unguwa da malamin gona, domin da jerin sunaye jami'an hukumomin agajin gaggawa na jiha (SEMA) da na tarayya (NEMA) ke aiki, kuma mai inshorar noma ta NAIC sai ya kai rahoto da wuri. Baɗi, mai shinkafa a kwari ya nemi irin FARO 66 ko FARO 67, waɗanda ke jure nutsewa har kusan mako biyu, ya saurari hasashen hukumar yanayi (NiMet) da na hukumar da ke hasashen ambaliya (NIHSA) tun farkon shekara, iri kuma a ɗaure shi a jarka a rataye a sama.