Yadda za a tsara gida idan wuta ta koma rabo-rabo

A Romaniya, zamanin mulkin gurguzu na Ceausescu, an matse wutar gidaje a shekarun 1980 don a biya bashin ƙasashen waje. Masana'antu ke sha, gidaje na jira. Kwan fitila aka ce kada ya wuce wat 40, talabijin kuwa daga 1985 awa biyu kacal a rana. Kuba ma ta ɗanɗana bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, da mai ya yanke, har akan yi awa 16 babu wuta. Dabarar zama da irin wannan wuta za ta yi wa magidanci a Katsina ko Daura amfani: a tanadi aiki tun kafin wutar ta iso.

A yi mako guda ana rubuta lokacin kawowa da na ɗaukewa, za a ga tsarin layin unguwa. Da an kawo, a fara da injin jan ruwa a cika tanki, sai caji, sannan guga da markaɗe. Kada a haɗa su lokaci guda, musamman in wutar ta zo da rauni.

Ɓarnar kayan wuta ta fi yawa a lokacin dawowar wutar. Da an ɗauke, a kashe firiji da talabijin daga soket, a bar ƙwan fitila ɗaya kunne ya ba da labari. In ta dawo, a ba firiji minti biyar. Kwamfuresa, wato injin sanyin firijin, da aka tayar nan take, iskar cikinsa ba ta daidaita ba, yakan ja wuta fiye da kima ya ƙone. Firiji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cike kuma har kwana biyu, don haka a cike gurbi da gorunan ruwa su daskare. A watan Afrilu dai zafin Katsina zai rage wannan lissafi, randa ta kama aikinta.

Batirin ajiye wuta irin na dalma mai volt 12, amfiya-awa 100, rabinsa kawai ake ci, wajen wat 600 na awa guda. Fanka mai wat 60 da ƙwan LED uku masu wat 9 za su kai awa shida. Zuƙe shi ƙarƙaf ne ke kashe batir da wuri.

Janareta kuwa a tsakar gida, nesa da taga, ba a zaure ba. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari.