Yadda za ka fara sayar da hotuna a intanet da wayar aljihunka

Ƙanina ne ya dame ni wai sai ya tara kuɗin babbar kyamara sannan zai fara ɗora hotuna a shafukan da ake sayar da su, na ce masa yaro ajiye wannan maganar, wayarka ta isa. Shafukan Shutterstock da Adobe Stock abin da suke nema hoto ya kai megafiksel 4 (ma'aunin girman hoto ke nan) a tsarin JPEG, kuma yawancin wayoyin yanzu 12 suke ɗauka ko fiye.

Ga yadda harkar take. Ka ɗora hoto sau ɗaya, masu talla da 'yan jarida da masu haɗa shafuka su biya don su yi amfani da shi, hoton kuma yana nan naka, gobe wani ma ya sake saya. Adobe Stock kashi 33 cikin ɗari suke ba ka, Shutterstock kuma daga kashi 15 ake farawa har 40 gwargwadon cinikinka. Kar ka fara lissafin sayen mota fa, wani lokacin santi 10 na dalar Amurka kacal za ka gani a kan hoto ɗaya. Rajista kyauta ce, za ka cike fom ɗin harajin Amurka W-8BEN, ka buɗe Payoneer don karɓar kuɗi, shi ke nan.

Inda mutane suke ɓata lokaci shi ne abin da suke ɗauka. Faɗuwar rana, furanni, mage, wallahi irin waɗannan miliyoyi ne a can, ba wanda zai gano naka. Mu a Jos abin da muke wucewa kullum ba ma kallo shi ne hajarmu. Je ka kasuwar Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da kabeji da karas, ka durƙusa ka ɗauki hannun dillali yana zaɓen attaruhu. Buhunan dankalin turawa na Bokkos, acha a faifai, mai shayi yana ɗaga kofi yana zubowa, mai POS tana ƙirga kuɗi, duwatsun Riyom da Shere. Bature a Landan ba zai iya ɗaukar wannan ba, mai talla a Legas kuma ya gaji da sa hoton baƙaƙen Amurka yana cewa 'yan Najeriya ne.

Haske ya fi kyamara muhimmanci, ni dai haka na gani. Tsakanin bakwai da tara na safe ko bayan la'asar sakaliya, rana tsaka kuwa inuwa take zubawa a ido. In abinci ne ka kai shi bakin taga ka kashe kwan ɗaki. Goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin kowane ɗauka, musamman lokacin hunturu da ƙura take bin komai, kar ka jawo hoto da yatsa, taka da ƙafarka ka matsa kusa, kuma filta ɗin nan na gyaran fuska ka kashe shi gaba ɗaya. Karon farko hotuna 15 na tura aka dawo min da 11, na ji haushi sosai, sai da na buɗe su a kwamfuta na faɗaɗa su sannan na ga duk ɗige-ɗige ne saboda bayan magariba na ɗauka. Ka bar ɗan fili a gefe ɗaya ma, masu talla suna son inda za su sa rubutu.

Sai maganar mutane. Duk wanda ake gane shi a hoto dole ya sa hannu a takardar amincewa kafin a sayar da shi don talla, yaro kuma iyayensa ne za su sa. Ka yi sallama, ka ce Baba ga abin da zan yi da hoton, in ya ƙi ka bar shi, balle mata. Ba takarda? To ka tura shi Shutterstock a matsayin hoton labari, wato ba na talla ba, ka rubuta wuri da kwanan wata. Tambarin kamfani a jikin kwalba, rigar ƙwallo, lambar keke, duk suna sa a mayar maka da hoton talla.

Kalmomin nema, wato waɗanda za ka haɗa wa hoto don mai saye ya gano shi, da Turanci ake rubutawa, Shutterstock har 50 suke karɓa, amma ka sa na gaskiya kawai, ka fara da mafi muhimmanci. Ka tuna yadda mai saye zai rubuta, acha misali a waje fonio suka san ta, to ka sa duka biyun, ka ƙara Jos da Filato da Najeriya yadda ake rubuta su a Turance. Ka riƙa ɗora goma ko ashirin duk sati, da daddare in data ta fi sauƙi.