Yadda nake dafa maganin tarin mutanen Ailan a gidana na Gwammaja

Ƙanwata da ke aikin jinya a Ailan ce ta fara kawo mini shi a 'yar leda, wani busasshen abu kamar tsohuwar yakuwa. Sunansa karagin, ciyawar teku ce da ke fitowa a jikin duwatsun gaɓar Atilantika, kuma da ita tsofaffinsu ke maganin tari da mura. Na ɗauka ba zai yi komai ba, sai da hunturu ya shigo, yara suka kwana suna tari.

Ki ɗebi kamar rabin tafin hannu, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 15. Zai kumbura ya yi laushi. Ki wanke shi sosai, don yashi da gishirin teku na maƙalewa. Ranar farko na yi ganda, muka sha da ƙasa-ƙasa. Sai ki zuba a kofi uku na ruwa, ki rage wuta, ya yi minti 20 zuwa 30 yana dahuwa a hankali, har ruwan ya ɗan yi yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa kaɗan. Ki tace, ki matsa lemun tsami, ki sa zuma. Da ɗuminsa ake sha. In ya huce yakan daskare, kada ki zubar, ki mayar kan wuta ya narke. Yauƙin nan ne ke lulluɓe maƙogwaro, ƙaiƙayin ya lafa. Su can wasu kan ɗiga giya a ciki, mu wannan ba namu ba ne. Ni citta nake jefawa, don ƙarnin teku ba kowa ke jure shi ba.

Kin zagaye kasuwar Kurmi ba ki samu karagin ba? Mutanen Ailan suna da wani maganin mai sauƙi: albasa a yanka, a dafa cikin madara, a barbaɗa masoro, a sha kafin barci.

Maganinsu na maruru kuwa burodi ne. A jiƙa shi da ruwan zafi, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, a ɗora da ɗumin da fata za ta iya ɗauka. Ɗumin ne ke sa ya nuna da wuri. Mai ciwon suga ya bar wannan, ya tafi asibiti.

Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini ko rama, a je a gwada majina, don tarin fuka ba ya jin ciyawar teku.