Yadda Malami Zai Gabatar wa Ɗalibai Wasan Romeo da Juliet

Yawancin ɗalibai sun ji sunan Romeo da Juliet tun kafin su ga littafin, kuma iyakar abin da suka sani shi ne wasu masoya ne da suka mutu tare. Idan malami ya shiga aji da wannan kaɗai, 'yan kujerar baya za su yi ta dariya ƙasa-ƙasa, masu kunya su sunkuyar da kai, ga kuma Turancin da ya haura shekara 400 ya tare hanya. A ganina, wasan ya fi shiga ran yara idan aka fara da ƙiyayyar gidajen biyu da sakacin manya, a bar soyayyar ta biyo baya.

Mataki na farko, kada a buɗe littafi tukuna. Tambayi ɗalibai ko sun taɓa jin gida biyu da ba sa ga maciji da juna, gabar da aka gada kaka da kakanni har jikoki ba su san mafarinta ba. Ka gargaɗe su kada kowa ya ambaci sunan wani gida. Sai ka raba allo uku. Gefe ɗaya gidan Montague: Romeo da ɗan'uwansa Benvolio. Ɗaya gefen gidan Capulet: Juliet, da Tybalt mai zafin kai, da matar da ta shayar da ita ta rene ta. A tsakiya ka sa Escalus mai mulkin garin Verona inda labarin ya faru, da danginsa biyu Mercutio da Paris, da Laurence, malamin coci. Ka sanar da su cewa daga farkon wasan har ƙarshensa ba a faɗi abin da ya haddasa gabar ba. Wannan tambaya za ta riƙe su har ƙarshen zango.

Tarihin marubucin kada ya cinye darasi. An haifi William Shakespeare a 1564 a garin Stratford na Ingila, ya rasu a 1616. Ya rubuta wasan wajen 1595, aka fara buga shi a 1597. Labarin kuwa ya girme shi: daga Italiya ya fito, kuma Shakespeare ya dogara ne da wata doguwar waƙa da Arthur Brooke ya wallafa a 1562.

Mataki na gaba shi ne ka ba su labarin duka da Hausa, har da ƙarshensa. Wasu malamai na jin tsoron hakan zai kashe zumuɗi, amma marubucin da kansa ya yi haka: gabatarwar wasan, mai layi 14, ta faɗi cewa masoyan za su mutu tun ba a ga fuskarsu ba. Ɗalibin da ya san inda aka dosa ba ya ɓata a cikin tsohon Turanci. Sai ku jera ranakun a allo. Lahadi da safe an yi faɗa a titi, da dare Romeo da Juliet suka haɗu a liyafar gidan Capulet. Litinin Laurence ya ɗaura musu aure a ɓoye, a yinin kuma Tybalt ya kashe Mercutio abokin Romeo, Romeo ya kashe Tybalt, aka kore shi daga Verona, daga baya ya tafi garin Mantua. Talata aka gaya wa Juliet za a aurar da ita ga Paris, da dare ta sha maganin da Laurence ya ba ta, wanda zai sa ta zama kamar gawa na awa 42. Laraba da safe aka same ta a sandare. A waƙar Brooke al'amarin ya ɗauki watanni, Shakespeare ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar, ya kuma rage shekarun Juliet har ba ta cika 14 ba. Tambayi ɗalibai me ya sa. Da kansu za su gano cewa gaggawa ce ke jan kowa, yaro da babba.

Yanzu a ɗauki littafi, amma a tsaye. Wasa ne, don kunne da ido aka yi shi. Kashi biyar gare shi, kuma ba dole ba ne a karanta kowace fitowa a aji. Zaɓi haɗuwarsu ta farko a kashi na 1 fitowa ta 5, inda kalamansu biyu suka haɗu suka tayar da waƙa mai layi 14, da hirar dare a lambu a kashi na 2 fitowa ta 2, da faɗan kashi na 3 fitowa ta 1, wanda daga shi dariya ta ƙare a wasan. Kowane rukuni ya karanta da Turanci, sannan ya sake yi da Hausar da suke magana da ita a gida. Idan haɗa namiji da mace zai jawo magana, ba sai an haɗa ba. A zamanin Shakespeare mata ba sa hawa dandali a Ingila, yaro namiji ne ya fara fitowa a matsayin Juliet.

Inda nake so malami ya daɗe shi ne kashi na 3 fitowa ta 5. Kafin a karanta ta, a koma kashi na 1 fitowa ta 2, inda Capulet ya ce wa Paris 'yarsa ta yi ƙanƙanta, a ƙara mata shekara biyu, kuma ya nemi yardarta tukuna. Wannan uba mai tausayi shi ne bayan kwana biyu yake zaginta, yana cewa ko ta auri Paris ko ta bar masa gida ta yi bara a titi. Ta juya wajen uwarta, uwar ta ce babu ruwanta. Ta juya wajen mai renonta, wadda ita ce ta yi ta kai saƙo tsakaninta da Romeo, sai ta ce mata ta haƙura ta auri Paris. Cikin fitowa ɗaya yarinyar ta rasa kowa. Ɗaliban da suka saba da labarin auren dole a littattafan soyayya da finafinan Hausa ba sa bukatar dogon bayani a nan. Sai dai malami ya yi adalci: Capulet bai san 'yarsa tana da aure ba, yana ganin bikin ne zai share mata hawayen mutuwar Tybalt. Ɓoye-ɓoyen yaran ma yana da nasa kason a cikin masifar.

Ƙarshen wasan yana bukatar natsuwa, domin akwai kisan kai a ciki, kuma masu sauraro matasa ne. Kada a ƙawata shi. A nuna musu cewa tun a kashi na 3 fitowa ta 3, da Romeo ya zaro wuƙa zai soki kansa, Laurence ya tsawata masa sosai. A nuna kuma cewa kan kuskure ya mutu: wasiƙar Laurence da za ta sanar da shi Juliet na da rai ba ta isa Mantua ba, saboda an kulle ɗan aiken a wani gida bisa zargin annoba. Da Romeo ya ɗan jinkirta a makabartar, da ya ga ta farka. Ku ƙirga mamatan tare: Mercutio, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korarsa ya kashe. Ka kuma faɗa wa ajin a sarari cewa duk wanda wani abu ke ci wa rai zai iya samun ka ko wani babba da ya yarda da shi. Idan za ka nuna fim, ka kalle shi kai kaɗai tukuna, domin wanda aka yi a 1968 yana da wurin da bai dace da aji ba.

A darasin ƙarshe a mayar da aji kotu. Ɗalibi ɗaya ya zama Escalus, a gurfanar da Capulet, da Montague, da mai reno, da Laurence, kowa da mai kare shi da mai tuhumarsa. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya kawo hujja sai ya faɗi kashi da fitowar da ya samo ta. Aikin gida kuma, kowa ya rubuta wasiƙar nan da ba ta isa Mantua ba, shafi ɗaya, da bakin Laurence.