Yadda nake fitar da man shanu da maburgin hannu

Idan kun samu madarar da aka tatso yau, ku tace ta, ku zuba a mazubi mai faɗin baki, ku rufe, ku bar ta cikin sanyi awa 12 zuwa 24. Maiƙon zai taso ya kwanta a sama. Ku kwashe shi da ludayi a hankali, kada ku nutsa har ku ɗebo ruwan madarar da ke ƙasa. Wannan maiƙo, wanda ake kira kirim, shi za a kaɗa.

Ni ba na kaɗa ɗanyen kirim. Nakan ɗora shi a wuta ya kai digiri 70 a ma'aunin Selshiyos, in riƙe shi a haka minti 30, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu haɗari, musamman ga yara da masu juna biyu. Daga nan in sanyaya shi ya kwana a firiji. Kwanan da zai yi a firijin yana da amfani: kitsen yakan ɗan daskare, sai ya yi saurin haɗuwa washegari.

Maburgin da nake nufi shi ne kwalbar nan mai murfi, da hannun juyawa a sama da fuka-fukai a ciki. Ku wanke shi da ruwan zafi, ku ɗauraye da na sanyi. Kada kirim ɗin ya wuce rabin kwalbar, domin zai kumbura, kuma sai ya samu wurin bugun bango kafin ya saki mai. Ku fito da shi daga firiji ya kai digiri 12 zuwa 15. In ya yi sanyi ƙwarai, hannu zai gaji man bai fito ba. In ya yi ɗumi, man zai fito ya yi laɓe-laɓe, ya ƙi wankuwa.

Sai juyi, ba da ƙarfi ba, ba kuma tsayawa. Da farko kumfa ce za ta taso. Can sai ya yi kauri, ya lulluɓe kwalbar, hannun ya yi nauyi, har ku ce abin ya ƙi. A nan mutane suke karaya, alhali saura ƙiris. Bugun nan yana fasa siririyar fatar da ke kewaye da kowane ɗigon kitse ne, ɗigogin su manne da juna. Ku saurari ƙarar: da zarar kun ji ruwa yana fantsama, gilashin ya washe, ƙananan ƙwayoyi rawaya suna yawo cikin farin ruwa, man ya fito. Yawanci minti 15 zuwa 30 ne.

Ku tsaya tun ƙwayoyin suna kamar na alkama. Wanda ya ci gaba har suka dunƙule wuri guda ya kulle tsala, wato farin ruwan nan, a ciki, kuma ita ce ke sa mai ya yi tsami da wari cikin 'yan kwanaki. Abin da na fi damuwa da shi ke nan a duk aikin.

Ku tsiyaye tsalar a kwano, kada ku zubar, ana sha ana girki da ita. Ku zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi ƙarara, a kan man, ku ɗan juya, ku tsiyaye. Ruwan farko zai fito fari fat, na biyu ya ɗan washe. Ku yi ta yi har ya fito garau. Sannan ku juye man a akushi ko faranti, ku riƙa danna shi da cokalin katako da aka jiƙa, kuna ninkewa, kuna karkata farantin ruwan na gangarewa. Tafin hannu ba ya wannan aiki, ɗuminsa narkar da man yake yi.

Mai son gishiri ya sa kamar giram 5 a kan giram 400 na mai, wato kusan abin da lita 1 ta kirim mai kauri ke bayarwa. Ku cakuɗa sosai, ku matse a mazubi mai murfi. Man da aka wanke da kyau yakan yi sati biyu a firiji, a firiza kuwa watanni.