Wasannin Share Fage Na AFL: Inda Masu Haɗa Ƙungiyar Fantasy Suke Yin Tuntuɓe

Wata shekara a ƙarshen Fabrairu na tashi da asuba na kalli wasan share fage na AFL, gasar ƙwallon ƙafar Ostireliya, a waya, don a wannan lokacin agogon Melbourne yana gaban namu da awa 10. Wani matashi mai arha ya yi ta yawo a tsakiyar fili, ƙwallo kamar ta san sunansa, ya tashi da maki sama da 100. Kafin in sha koko na riga na saka shi a ƙungiyata, har na cire wani babba don kuɗin su isa. Abin da ban duba ba shi ne, manyan 'yan tsakiyar kulob ɗin su biyu suna zaune a gefe da rigar gida. Ranar da aka fara gasa suka dawo, aka tura yaron can lungun gaba, ya wuni yana hangen ƙwallo daga nesa. Rashin farin wata ne ya sa tauraro ya yi haske, ni kuma na biya kuɗin wata.

Ga wanda ya saba da Fantasy Premier League, tsarin ba baƙo ba ne. Ana ba ka kuɗi ƙayyadaddu, ka zaɓi 'yan wasa daga kulob 18 na ƙwallon ƙafar Ostireliya, kyaftin ɗinka ya ci ninki biyu. Bambancin shi ne a nan ba cin ƙwallo ke kawo yawan maki ba, yawan taɓa ta ne. A AFL Fantasy bugun ƙafa maki 3 ne, bugun hannu 2, cafke ƙwallo daga sama 3, kama abokin hamayya 4, cin gol 6, bihain (ƙwallon da ta kauce wa gol ta bi ta tsakanin babban turke da ƙarami) 1, dukan ƙwallo na ɗan rak (dogon da ke tsalle ya doki ƙwallo idan alƙalin wasa ya tashe ta sama) 1. In ka jawo aka ba abokan hamayya bugun laifi a cire maka 3. SuperCoach kuwa, wato ɗayan wasan fantasy na AFL, yana amfani da lissafin kamfanin ƙididdiga na Champion Data, wanda ke duba ko bugun ya isa hannun ɗan'uwa ko ya tafi a banza, kuma kowane wasa maki 3,300 ake rabawa tsakanin 'yan wasan duka. Wannan ya sa wanda ya dace da wancan ba lallai ya dace da wannan ba, kuma mutane da yawa suna kwafar shawarar da aka bayar don ɗaya su kai ta ɗayan.

Babban kuskure shi ne wanda na yi: kallon jimillar maki. Wasan Fabrairu ba wasan Yuni ba ne. Ƙarshen bazara ne a can, fili a bushe, ƙwallo ba ta santsi, ba mai son ya karya kafaɗa a wasan da ba a rubuta sakamakonsa a tebur. Kamawa tana raguwa, 'yan baya suna ta miƙa wa juna ƙwallo ba mai matsa musu. Ɗauki ɗan baya da ya yi bugun ƙafa 20, bugun hannu 5, ya cafke 12, ya kama mutum sau ɗaya. Makinsa 110. Yanzu ɗauki ɗan tsakiya da ya yi bugun ƙafa 10, bugun hannu 10, ya cafke 2, ya kama 5, makinsa 76, amma kashi 60 cikin 100 na lokacin wasan kawai ya yi a fili. In aka bar shi ya yi kashi 80, a wannan saurin zai haura 100. Na farkon ya tara makinsa ne daga abin da matsin gasa zai fara ƙwacewa, na biyun daga abin da yake ƙaruwa idan wasa ya yi zafi. Jadawalin maki zai nuna maka 110 a sama da 76, kuma yawancin mutane a nan suke tsayawa.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana cin lokaci. Kafin ka kalli maki, duba minti nawa ya yi a fili. Sannan ka duba wa ya rasa wasan a kulob ɗinsa, da wa ya rasa a ɓangaren abokan hamayya. A wasannin gwaji na farko ma akan ƙara yawan zango, a faɗaɗa benci, bayan rabin lokaci a cire manya a zuba 'yan ƙungiyar ajiya. Makin da aka ci a zango na biyar a kan yaran da ba za su ga filin gasa ba bana, ka ajiye shi gefe. Wasan AAMI Community Series, wanda ke zuwa daga baya, ya fi kusa da gaskiya domin kociyoyi sukan fito da kusan cikakkiyar tawaga, amma shi ma wasa ɗaya ne tak.

Abin da ya kamata ka kashe idonka a kai shi ne aikin da koci ya ba ɗan wasa. Duk lokacin da za a fara zango ko aka ci gol, ana komawa tsakiyar fili, kuma mutum huɗu kacal kowane ɓangare ke shiga murabba'in tsakiya: ɗan rak da 'yan tsakiya uku. Masu lissafi suna ƙirga sau nawa kowa ya shiga, suna kiran adadin CBA. Wannan adadin ya fi maki faɗar gaskiya, domin shawarar koci ce, ba sa'ar rana ba. Ɗan wasan da bara yake gefe, bana kuma ya shiga tsakiya fiye da rabin lokutan alhali manya suna nan, to an ƙara masa girma, ko da makinsa na ranar bai burge ba. Sharaɗin shi ne "alhali manya suna nan". In ba sa nan, riƙon ƙwarya yake yi.

Haka abin yake a baya. Tun 2019 da aka sassauta dokar dawo da ƙwallo bayan an ci bihain, mai bugun yana iya fitowa da gudu daga akwatin gola, kuma in ya fito ana ƙirga masa bugun. Saboda haka wanda aka damƙa wa wannan aikin yana samun maki kyauta sau da dama a kowane wasa. Jack Ziebell na North Melbourne ya daɗe yana wasa a tsakiya da gaba, a 2021 aka mayar da shi baya yana dawo da ƙwallo, sai makinsa ya yi tsalle alhali ba saurayi ba ne. Shekara biyu bayan haka, a kulob ɗin dai, an ɗauko Harry Sheezel a matsayi na 3 a zaɓen matasa na 2022 a matsayin ɗan gaba. Koci Alastair Clarkson ya ajiye shi a baya, ya taɓa ƙwallo sau 34 a wasansa na farko da West Coast, ya ƙare shekarar 2023 da kyautar Rising Star ta gwarzon matashi. Su biyun ba ƙafarsu ce ta canja cikin dare ɗaya ba, wurin tsayuwarsu ne. Wanda ya kalli inda suke tsayawa a share fage ya riga wanda yake jiran jadawali.

Kuskuren da ake yi da 'yan rak ya cancanci a tsaya a kansa, domin gurbinsu biyu ne kawai a filin ƙungiyarka ta fantasy kuma suna da tsada. Ɗan rak yana cin maki ne idan shi kaɗai ke riƙe da aikin. A ƙarshen 2022 Brodie Grundy ya bar Collingwood ya koma Melbourne inda Max Gawn yake. Manyan dogaye biyu, kowa gwani, aka yi ta zumuɗi. Amma sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya: dole ɗaya ya tafi gaba ya tsaya, kuma kafin shekarar 2023 ta ƙare an sauke Grundy zuwa ƙungiyar ajiya, daga baya ya koma Sydney. Akasin haka, da Todd Goldstein ya bar North Melbourne zuwa Essendon, Tristan Xerri ya gaji aikin shi kaɗai a 2024, kuma waɗanda suka saye shi da wuri sun ci riba. Don haka in kulob ya fito da dogaye biyu a share fage, kada ka tambayi wa ya fi, tambayi ko biyun za su buga tare a makon farko.

Akwai kuma maganar baki. Daga Disamba zuwa Fabrairu kowane kulob yana da ɗan wasan da "bai taɓa zama lafiyayye kamar bana ba", da wanda ya zo na ɗaya a gudun kilomita biyu, da wanda "za a gwada shi a tsakiya". Ba ƙarya suke yi ba, talla suke yi, suna sayar da katin zama memba. Gudun kilomita biyu ba ya cikin abin da ake ba wa maki. Kalmar "za a gwada" kuwa ka riƙe ta har sai ka ga adadin CBA. Sakamakon wasa ma kada ya ruɗe ka. Carlton ta ci kofin share fage a 2005 ta kuma ƙare gasar a ƙarshen tebur. Brisbane ta ci na 2013, kafin shekarar ta ƙare an sallami kocinta Michael Voss. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan wasan Larabar tana yawan yaudara.

Ɗaya gefen kuskuren shi ne firgita. Babban ɗan wasa da ya yi shekara biyar yana cin maki sama da 100 ya buga rabin wasa a share fage ya ci 50, sai ka ga mutane suna cire shi. Irin waɗannan motsa jini kawai suka fito yi. Tarihin wasa 100 ya fi nauyin yammaci ɗaya. Abin da zai sa ka taɓa babba biyu ne: an canja masa wurin wasa, ko jikinsa ya sami matsala. Na biyun shi ne ake rainawa. Wanda ya yi tiyata a Nuwamba bai shiga cikakken atisaye ba sai Fabrairu, ko da ya buga makon farko, sau da yawa za a rage masa minti, farashinsa ya sauko, ka saye shi da arha bayan wata ɗaya. Raunin tsokar cinya da na sha-raɓa kuwa suna son dawowa.

Kuma kada ka ƙulla zuciyarka da jerin da ka haɗa tun Janairu. Tom Mitchell ya ci Brownlow, kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, a 2018, a Janairun 2019 ya karye a ƙafa wurin atisayen Hawthorn, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar. A share fagen 2025 Errol Gulden na Sydney ya karya idon sawu, Marcus Bontempelli na Western Bulldogs ya ji rauni a sha-raɓa ya rasa makonnin farko. Duk babban da ka saka, ka san wa zai maye gurbinsa da kuɗi daidai, don kada ka rushe ƙungiya gaba ɗaya a daren ƙarshe.

Sababbin shiga masu arha su ne ragunan turke: ka saya da rahusa, su yi ƙiba, ka sayar ka sayi babba. Amma rago ba ya ƙiba in ba ya ci, yaro kuma farashinsa ba ya tashi in ba ya buga wasa. A AFL Fantasy farashi yana motsi tun bayan wasan farko, a SuperCoach sai ya buga uku. Kuskuren da ake yi shi ne zaɓar yaron da ya fi burgewa maimakon wanda gurbinsa ya fi tabbata. Yaro mai cin 55 kowane mako har wasa takwas ya fi wanda zai ci 90 sau ɗaya a mayar da shi ƙungiyar ajiya, ka wayi gari da sifili a benci. Tambayi kanka: gurbin wa yake riƙe, kuma yaushe mai gurbin zai warke? Kulob mai sake gini ya fi haƙuri da yara fiye da mai neman kofi. 'Yan tsaka-tsakin farashi kuwa, biyu ko uku sun isa, kuma kowanne ka iya faɗar dalilinsa a jimla ɗaya: an mayar da shi tsakiya, ko wanda ke gabansa ya bar kulob, ko rauni ne ya rage masa farashi. In dalilin shi ne "ya yi kyau ranar Asabar", bar shi.

Tun 2024 da aka shigo da Opening Round, wasu kulob suna fara gasa mako guda kafin sauran. Wannan shi ne kallo mafi inganci da za ka samu, domin wasa ne na gaske mai maki a tebur. Sai dai duk kulob ɗin da ya buga shi yana da makon hutu a farkon shekara, kuma in ka cika ƙungiyarka da 'yan wasansu don ka gan su da idonka, za ka sami makon da manyanka uku ko huɗu suna zaune. Ɗauko jadawalin hutun ka ajiye kusa da jerinka. Sunayen waɗanda za su buga akan fitar da su ne yammacin Alhamis a Melbourne, wato safiyar Alhamis a wurinmu, kuma sai a lokacin nake cike gurabun benci.